Ni aka fara yi wa wankan jego a Gembu

Ku matso, jikoki, ku kasa kunne. Ni da na baro Bama da ƙafa lokacin tashin hankali, na jure zafin Jimeta, wai sanyin dutsen Gembu zai razana ni?

Da Falmata 'yata ta haihu a Gembu, na je yi mata wankan jego. Mijinta ya aiko min bargo, na ce a mayar. Na yayyafa ruwa a tsakar gida kamar yadda muke yi a Luggere, unguwarmu a Jimeta, na kwanta kan tabarma.

Da asuba maƙwabta suka kinkimo ni a sandare. Ruwan da aka dafa wa mai jego, ni aka fara gasawa da shi.

Falmata ta yi arba'in lafiya. Surukina har yau kunya ta hana shi dariya. Ku kuwa marasa ta-ido, kullum sai "Kaka, ya jego?" Jego lafiya lau. Garinsu Gembu ne ba shi da tarbiyya.