Tafin Dokta Othniel

Duk wanda bai san Dokta Othniel ba a Samaru, baƙo ne. Bawan Allah ne da ya yi kwas na sati biyu cur a wayarsa kan ilimin gyaran halayyar yara, ya fito da satifiket, ya kai aka buga masa shi da girman kalanda. Digirin dokta kuwa masu keke napep ne suka ba shi, shi kuma saboda tsabar tawali'u bai mayar musu ba.

Ilimin nasa ba ƙarya ba ne. Kowane hali yana da abin da ke zuwa kafinsa da abin da ke biyo bayansa, kuma halin da aka saka wa da daɗi ƙaruwa yake yi. Masana sun daɗe suna aiki da wannan. Dokta dai yakan faɗe shi ne kamar a ɗakinsa aka ƙirƙiro shi.

Madam Nonye, mai wata ƙaramar makarantar yara masu buƙata ta musamman a Hanwa, ita ta yi sa'ar ɗaukarsa mai ba da shawara. Aka ba shi ajin Malama Bilkisu, mai yara shida. Ranar farko ya sanar cewa ya zo da sabuwar dabara daga ƙasashen waje, wato yabo. Da yaro ya yi abin kirki sai Dokta ya ware hannuwan nan nasa masu faɗin faranti, ya zabga tafi, ya kwarara "Madalla!" har awakin maƙwabta su watse.

A ajin akwai Lovelyn, 'yar shekara takwas, ba ta magana. Da tafin ya tashi sai ta toshe kunnuwa, ta shiga buga goshi a tebur. Dokta bai ruɗe ba, ai masani ba ya ruɗewa. Ya ce a yi mata horo, a fitar da ita gindin darbejiya ta zauna ita kaɗai. Can kuwa ba hayaniya, sai iska. Lovelyn ta zauna lafiya lau tana jera ganye. Dokta ya leƙa ta taga, ya ce kowa ya shaida, horo ya yi aiki nan take. Washegari ta buga goshin sau uku, aka yi mata horo sau uku.

Abin ya kai goshin ya kumbura. Madam Nonye ta tsorata, ta kira uwar yarinyar ta ce in bugun goshin bai tsaya ba zuwa Juma'a, sai dai a nema mata wani wuri. Maman Lovelyn tumatir take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma makarantu uku sun riga sun ƙi karɓar 'yarta. Ta fita tana share hawaye da bakin zani, don ta san babu wani wurin.

Dokta ya umarci Malama Bilkisu ta riƙa cika takarda mai layi uku: abin da ya faru kafin, halin, da abin da ya biyo baya. Ta cika. Sau biyu ta so nuna masa, sau biyu ya tambaye ta inda nata satifiket ɗin yake. Karanta rubutun ƙaramar malama ai zubar da girma ne.

Ranar Juma'a aka taru a ofis. Dokta ya sha kwat a cikin zafin nan, ya miƙe, ya gyara murya.

"Madam, ni ba na aiki da tausayi, da hujja nake aiki. Matsalar daga gida take, na san irinsu. Amma a karanta layin farko kowa ya ji. Duk abin da aka samu yana tayar da halin nan, a raba shi da yarinyar yau, ba sani ba sabo. Haka kimiyya ta ce."

Maman Lovelyn ta sunkuyar da kai. Madam Nonye ta sa tabarau, ta karɓi takardar, ta fara karantawa da Hausarta ta Sabon Gari.

"Litinin, Dokta ya yi tafi. Talata, Dokta ya yi tafi. Talata kuma, Dokta ya yi tafi."

Sau ashirin da uku. Ta karanta su duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ranar Laraba ce kawai layin yake fayau, ranar da Dokta ya tafi gidan rediyo neman a yi hira da shi.

Dokta ya fara bayanin cewa a matakin ilimi mai zurfi akan fassara irin wannan takarda ta wata fuskar. Madam ta ce ita ba ta yi zurfi ba, abin da kimiyya ta ce shi za ta bi. Ta tashi da kanta ta buɗe masa ƙofa.

Ranar Litinin Lovelyn ta zauna a aji har aka tashi, goshinta bai taɓa tebur ba. Dokta ya sa wannan a jerin nasarorinsa, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ya warkar da yarinya cikin kwana ɗaya. Kuma tsakani da Allah, ba wanda zai ce babu hannunsa a ciki.