Robar da Ta Tona Asirin Hawayena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Bilkisu ɗakin mijinta ba, kuma ko na so in manta, dangin maigidana na Wudil ba za su bar ni ba. Bilkisu ƙanwarsa ce, autar Hajiya surukata.

Bari in fara da laifina. Kusan shekara biyu idona na hagu yana zubar da hawaye ba gaira ba dalili. Ina tuƙa tuwo, hawaye. Ina duba takardun ɗalibaina, hawaye. Da farko abin ya dame ni, sai na lura suna yake jawo mini. A gidan gaisuwa, kafin in gama cewa "ya haƙuri" kuncina ya jiƙe. A walima malama tana wa'azin kabari, ni ina can ina tunanin ko na kashe gas, sai in ji ana nuna ni: "Kun ga Maman Hanifa? Allah Ya ba mu zuciya irin tata." Hajiya kuwa ta ɗauke ni ta ɗora a ka, duk surukar da ta ɓata mata rai da ni ake yi mata gori. (Na taɓa cewa ciwo ne? Ko sau ɗaya. Sunkuyar da kai nake yi, in ƙara da jan hanci.)

Da lungun idon ya fara kumbura yana kwantsa, maigida ya kai ni asibitin ido a Kano. Likita ta ce akwai 'yar hanya daga lungun ido zuwa cikin hanci, ta nan hawaye ke wucewa, tawa ce ta toshe. Wato duk taushin zuciyar nan da ake ta yabo, kwata ce kawai ta cushe. Aka yi mini aiki ta hanci, ko tabo babu, aka zura wata siririyar roba da ba ta kai kaurin taliya ba. Ta shiga ta ƙananan ramukan lungun idon, ta sauka cikin hanci, aka ɗaure ta a can. Za ta zauna wasu watanni don kada hanyar ta sake rufewa, kuma sai an ƙura ido sosai ake ganin ta.

"Kada ki murza idon," in ji likita. "In ta zazzago, kada ki ja, kada ki bari a yanke. Ki manne ta da filasta ki zo."

Na ce to. A mota na roƙi maigida kada ya gaya wa kowa. Ya dube ni ya ce, "Ke dai kin ji jiki da son a yabe ki," amma ya rufa mini asiri.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motoci sun jeru za a tafi Lajawa, garin ango. Aka shigo da Bilkisu ɗakin Hajiya a lulluɓe don nasiha, mata sun cika ɗakin maƙil. Hajiya ta fara magana muryarta na rawa. Sai na ga ana ta satar kallona. Jira suke shugabar masu kuka ta buɗe taro. Ni kuwa ido ƙamas! (Likitar nan ta iya aikinta, Allah Ya saka mata da alheri, amma ba ranar na so in sani ba.) Na tuno mutuwa, na tuno kabari, ko ɗigo. To kukan me ma zan yi? Yarinya ta gama jami'a, ta auri wanda take so, ina jin ta tana danne dariya a cikin mayafi.

Sai na kama bakin gyalena, irin mai duwatsun nan, na murza idon da ƙarfi don ya yi ja. Na ji wani abu ya ja ni can cikin hanci, zuuu. Ina sauke gyalen, sai ga roba ta zazzago, ta yi zobe a gefen hancina tana reto.

Gwaggo Tabawa, yayar Hajiya, ita ta fara gani. Duk wanda abu ya faɗa wa a ido a unguwar, wurinta ake kai shi.

"Innalillahi! Tsutsa a idon Maman Hanifa!"

Amarya ta yaye lulluɓi. Wata daga baya ta ce, "Wannan ba tsutsa ba ce, jifa ne. Mai zuciya irin tata ai ba ta rasa maƙiya." Kafin in ankara mata biyu sun danne ni, Gwaggo ta kwantar da kaina a cinyarta.

"Ku miƙo reza! A fizge ta kafin ta shige ƙwaƙwalwa."

Wallahi sai da na yi shawara da zuciyata: ido ko suna? Kun ji irin haukana. Da na ga yatsun Gwaggo sun doso fuskata, na ƙwalla ihu, "Gwaggo, kada ki ja! Roba ce! Likita ce ta sa, a ɗaure take cikin hancina!"

Gwaggo ta janye hannunta.

"Robar me?" in ji Hajiya.

"Hanyar hawayena ce ta toshe, Hajiya. Shi ya sa yake ta zuba."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Hajiya ta matso kusa da ni. Sannan ta ce, a hankali, "Wato da Alhaji ya rasu, kika zauna kusa da ni kwana uku kina share ido, ina cewa Allah Ya ba ni mai taya ni, shi ma toshewar ce?"

Allah Ya sani, wannan kukan na gaske ne. Alhaji, mahaifin maigidana, ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa. Na ce, "Hajiya, wannan da ido biyu na yi shi."

"To wa ya tsaya dubawa?" in ji Gwaggo. Ɗakin ya kwashe da dariya, har amarya. Hajiya ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "A samo mata filasta."

A nan kukan ya zo mini, na gaske, dama da hagu, har da shessheƙa. Ba wadda ta dafa ni. Sai muryar nan ta baya na ji tana cewa, "Ayya, ta sake toshewa."

Haka aka tafi Lajawa aka bar ni da filasta a fuska. Washegari likita ta mayar da robar wurinta cikin ɗan lokaci, tana tambayata yadda aka yi. Na ce gyale ne. Ban yi ƙarya ba ai.

Ni da Hajiya muna gaisawa lafiya lau, amma har yau ba ta sake ɗauko zancen Alhaji a gabana ba, kuma abin yana ci mini rai. Na dai koyi abu biyu. In likita ya ce kada ka murza, to kada ka murza. In kuma aka yabe ka a kan abin da ba naka ba, yi maza ka mayar da kayan mutane, domin ranar da za su zo karɓa, har da ɗan naka na gaskiya suke kwashewa.