Talg Na Kofi Da Talg Na Sama

Ba na jin zan taɓa mantawa da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Alhamis a gidanmu na Ainu Shams. Mu uku ne a falo: ni, da matata Maman Amira, da ƙaninta Nasiru wanda yake karatun Shari'a a nan Alkahira. A tsakiyar darduma kuma ga jakata ta goyo, na zazzage kayanta ina sake jerawa.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Da farko, ni direba ne. Ina tuƙa iyalin wani ma'aikacin jakadanci a Ma'adi, kuma kafin in zo Masar na daɗe ina ɗan agaji a garinmu Nguru, har na kai ga ba da umarni a fareti. Shi ya sa da Nasiru da abokansa biyu suka shirya tafiyar ƙasa a Sina'i lokacin hutun sanyi, daga kwarin sahara har saman duwatsun Santa Katrin, kowa da jakarsa a baya, ban jira zaɓe ba na naɗa kaina shugaba. (Har yau Nasiru yana cewa su gayyata kawai suka yi, don yayarsa ta roƙe su su fitar da ni ta huta.)

Na biyu, ni na yi waya da mutumin da zai nuna mana hanya, wani Balaraben ƙauye mai suna Ammu Salim. Larabcina na titi ne: na gidan mai, na kasuwa, na faɗa da 'yan tasi. Da za mu yi sallama ya ce, "Fi talg kitir fog." Wato akwai talg da yawa a sama, in shirya masa. To, ni na san talg. Shi ne ƙanƙarar da mai ruwan rake yake jefa maka a kofi, ban taɓa jin an kira wani abu da wannan suna ba sai ita. Na ce a raina, kai, mutanen nan sun ci gaba, har saman dutse ana sayar da ƙanƙara. Hankali kuma ya ba ni cewa inda ƙanƙara take da kasuwa, zafi ake yi.

Na uku shi ne abin da ya faru a falon. Na tarar Maman Amira ta cusa min babbar rigar sanyi da safar hannu a jaka. Na fito da su da yatsa biyu. A madadinsu na ɗauko kula, na saka busasshen zoɓo da sukari da citta da kanumfari.

Ta ce, "Baban Amira, dutse fa za ku hau. Ka bar rigar nan."

Na ce, "Ni za ki koya wa sahara? A Nguru rairayi har ƙofar gida yake zuwa mana. Mai tafiya da kaya gumi yake yi."

"To kular ta mece ce?"

"Idan mun kai sama, waɗannan yaran za su sha zoɓo mai sanyi su gode min."

Ta kalle ni ta ce, "Khalas, shi ke nan. Idan ka dawo za ka ce min na fi ka gaskiya."

A nan ya kamata mai karatu ya san wani abu. Tun da muka yi aure wannan magana ba ta taɓa fitowa daga bakina ba, kuma ina alfahari da hakan. Na gaya mata ba za ta fito ba a wannan karon ma. Don kada ta sake cusa min rigar, na kulle ta a sif na sa makullin a aljihu. Sannan na juya kan Nasiru na ba da umarni: kowa ya cire kayan nauyi. Ya ƙame ya sara min, ya ce, "An gama, Yaya Kwamanda." Ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninmu, don haka ban kula da murmushinsa ba.

Kwanakin farko gaskiyata ce ta yi ta fitowa. Muna tafe cikin kwaruruka, rana tana dukan ƙeya, duwatsu ja da baƙi dama da hagu, idan mun sauka kuma Larabawan wurin suna ba mu barguna da shayi. Ni ne a gaba, jaka a baya, kula a hannu. Ammu Salim yakan kalli kular ya kalle ni. (Daga baya na ji wai ya ɗauka magani ne a ciki.) Duk inda muka tsaya sai na tambayi Nasiru, "Yaya sanyin da yayarka take faɗa?" Shi kuma ya ce, "Babu shi, Kwamanda, ya ji tsoronka ya gudu."

Sai hanya ta fara miƙewa sama.

Iska ta fara canzawa tun da hantsi. Da farko kunnuwana suka fara zafi. Bayan nan yatsun da ke riƙe da kula suka daina jin hannun kular. Na waiga don in ƙarfafa wa rundunata gwiwa, sai na ga kowannensu ya zaro rigar sanyi daga ƙasan jaka, har da hula mai rufe kunne. A duk tafiyar nan mutum ɗaya ne ya bi umarnina, ni ne.

Muna shan wata kwana sai na ga ƙasa ta yi fari, duwatsu sun yi fari, har kan bishiyoyin wani ɗan lambu. Ammu Salim ya buɗe hannu da fara'a ya ce, "Talg!"

Wallahi sai da na duba ko zan ga shago, kafin na gane dusar ƙanƙara yake nufi.

Nasiru ya zo kusa da ni, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Yaya, ga ƙanƙara nan kyauta. A buɗe kula ne ko sai mun kai sama?"

Na so in tsawata masa, amma haƙorana suna ta karo da juna. Riga ce mai gajeren hannu a jikina da 'yar falmaran. Ammu Salim ya dube ni, fara'arsa ta tafi. Ya ce a haka ba zan ƙara taku ba, ko a samo min sutura ko duk mu juya. Yaran nan sun yi wata da watanni suna ɗokin saman dutsen nan, ga shi muna hango shi.

Nasiru ya durƙusa ya buɗe jakarsa. "Akwai saƙo daga gida," in ji shi. "Amma ta ce sai ka faɗi wata magana, kuma in ɗauka a waya."

Na ce ba zan faɗa ba. Iska ta sake kaɗawa. Na ce ya kawo wayar.

Abin da ya zaro kuwa, tun da na kulle tawa rigar, ta Maman Amira ce: rigar sanyi ta ulu, ruwan hoda, da furanni a ƙirji da manyan maɓallai masu ƙyalli, wadda take sawa lokacin tana da cikin Amira. Ta zauna min daidai, musamman wajen tumbi. Ya haɗa min da gyalenta na naɗe kunne. Da haka na ƙarasa hawa. A sama muka tarar da wasu Turawa masu tafiyar ƙasa, wata tsohuwa a cikinsu ta shafa furannin tana yabawa, ta nemi mu yi hoto. Zoɓon kuwa a kan wutar Ammu Salim aka dafa shi, muka sha da zafinsa. Kular ta zama kujera.

Muna saukowa inda waya take kamawa, saƙon ya tafi. Da na dawo gida Maman Amira ba ta ce uffan ba. Ta ba ni abinci, ta karɓi rigarta ta ninke. Na ce a raina, ashe matar nan tana da tausayi. Bayan mako guda, muna gidan suna a unguwar Arba wa Nus, na kira ta daga zauren maza don mu tafi. Sai na ji muryata daga ɓangaren mata, tana karkarwa, tana maimaitawa: "Ma-maman Amira, kin f-fi ni gaskiya." Ta mayar da ita ƙarar kirana. Ba ta ɗaga ba sai da ta ƙare.

Yanzu idan ina son magana da matata, saƙo nake rubuta mata.

Roƙona ga mai karatu biyu ne, bi da bi. Na ɗaya, idan Balarabe ya ce maka akwai talg, ka tsaya ka tambaye shi: na kofi ko na sama? Na biyu, idan kana da hoton wani mutum mai gashin baki cikin rigar furanni a kan dutse, wanda na ji yana yawo a wayoyin ɗalibai, don Allah ka goge shi.