Yadda Ake Adana Bikin Mutane a Faifai Biyu, a Rasa Shi Duka

Kai mai ɗaukar bidiyon biki, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sunanka zai zagaye Jos kafin damina ta wuce. Wanda ya fara gwada su shi ne Uzairu, mai shagon bidiyo a kasuwar Terminus, bayan ya ɗauki bikin Klaudiya da Chollom. Uwar ango, Mama Cordelia, tana aikin jinya a Ingila. Ba ta samu zuwa ba, ba ta taɓa ganin surukarta ba, bidiyon nan kawai take jira.

1. Sayi akwatin da ya fi ƙarfinka

Akwati ne mai cin faifan ajiya biyu, a ja masa waya zuwa duk kwamfutocin shago. Uzairu ya rungumo nasa a kan acaɓa yana ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu. Ka koyi faɗin "RAID" da ƙarfi, wato tsarin da ke sa faifan biyu su yi aiki tare. Sauran bayanin ba dolenka ba ne.

2. Zaɓi sifili

Anene mai sayar da akwatin ya ce, "Oga, iri biyu ne. RAID ɗaya, faifai na biyu yana kwafe duk abin da na farko ya ɗauka. RAID sifili yana raba kowane fim, rabi nan rabi can. Wuri ya ninka, ga gudu, amma in ɗaya ya mutu..."

Kada ka bari ya ƙarasa. Uzairu bai bari ba. Ya ce, "Faifai biyu su zauna suna maimaita abu ɗaya kamar 'yan amshi? Ba ni mai gudun!" Mai hangen nesa ba ya sauraron abin da ya biyo bayan "amma".

3. Kada kaset ya yi zaman banza

Biki ya shiga akwati, to me kaset ɗin da aka ɗauki bikin da shi yake yi a kan kantar shago? Uzairu ya ɗora masa taron direbobin Titin Bauchi. Inda Klaudiya take kukan daɗi a da, yanzu wani dattijo ne ke jawabi a kan tsadar taya. Wannan shi ake kira tattali.

4. Cire fanka

Fankar akwatin ta cika ƙara, kai kuma a Jos kake, garin da ake sa rigar sanyi a watan Agusta. Uzairu ya zare ta, ya lulluɓe akwatin da tawul kada sanyi ya kama shi. Ba a daɗe ba faifai ɗaya ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru. Ɗayan lafiyarsa ƙalau, ɗauke da rabin komai, ba abin da ke buɗuwa. Har ni sai da na tausaya wa Uzairu.

5. Ka ce ana kan aiki

Klaudiya ta leƙo shago. "Oga Uzairu, ina bidiyona? Mama yana waya kullum fa!"

"Haba amarya, irin naki ba a yi masa gaggawa. Furanni ake saka masa."

Furanni suka yi ta shiga, wata da watanni.

6. A sake biki

Ranar da Chollom ya zauna a bakin shago ya ƙi tashi, Uzairu ya faɗi gaskiya, ya kuma kawo dabara: a maimaita. Jama'a kuwa sai murna! Ƙawaye suka zaro anko, makaɗa suka dawo, wani kawu ya ce dama rawarsa ta farko ba ta yi masa ba. Tela ya farke rigar amarya ta gefe ya ƙara ƙyalle, ya sake ƙarawa, don Klaudiya na da tsohon ciki. Uzairu ya ɗauke ta ta gaba, ya ɗauke ta ta gefe, ya aika Ingila. Tsabar ɗoki, ba wanda ya tuna ya gaya wa Mama Cordelia cewa maimai ne.

Sai ga wayarta. "Chollom! Wane fasto ne ya yarda ya ɗaura wannan? Da farar riga?" Klaudiya ta shige ɗaki ta kulle, tana kuka na gaske.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar. Faifai ya mutu, ba hannuna. Kaset ya goge, ba hannuna. Mama Cordelia ta yanki tikitin jirgi, ta ce ba za ta yarda da kowa ba sai an nuna mata bidiyon farko. In ta tambayi wanda ya koya wa Uzairu, ban san shi ba, kai ma ban taɓa ganinka ba.