Ranar da Darakta Sodangi Ya Ɓad da Kama

Daga Sabon Birni har Isa babu wanda Allah ya yi wa baiwar fim kamar Darakta Sodangi. Shi da kansa ya bincika ya tabbatar da haka. A katinsa an rubuta Darakta na Ƙasa da Ƙasa, kuma ba ƙarya ba ne: shekara huɗu da suka wuce ya tsallaka iyaka a kan babur, ya ɗauki bidiyon wani suna a wani ƙauyen Nijar, ya dawo kafin la'asar. Tun ranar yake rufe magana da "dakor", wato "an yarda" da Faransanci, irin ta mutanen tsallake.

Daga gidansa zuwa tasha tafiyar minti biyar ce ga talaka. Shi minti arba'in take cinsa, domin yakan tsaya gaban kowace rumfa har a gaishe shi. In an ce Sodangi, ba ya ji. In an ce Darakta, ya juyo rabi. Sai an ce "ranka shi daɗe Darakta" yake juyowa gaba ɗaya, ya ɗaga hannu a hankali kamar mai tsayar da mota.

Ana nan sai Malama Saudatu, mai koyar da Hausa a Isa, ta rubuta ɗan littafi don matasa, Hadiyya Mai Lamba Tara. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, 'yar leƙen asiri, mai bin sawun masu sayar wa manoma jabun maganin ƙwari. Littafin shafi tamanin da huɗu ne. Mugun da ke cikin labarin, Mai Fuska Bakwai, a shafi uku kawai ya fito. Darakta ya karanta bangon gaba da na baya, sauran ya fahimce su da basira, ya mai da littafin fim mai fitowa hamsin da biyu. Mugu ya samu arba'in da ɗaya. Aka nemi wanda zai iya hawa wannan matsayi a duk faɗin Gobir, Darakta ya yi kwana uku yana nazari, sunansa ya fito.

Malama ta ce, "Darakta, littafin ga fa na yarinya ne."

Ya ce, "Malama, ke kinka rubuta, mu munka busa mai rai. Yarinya na nan, ba mu kore ta ba. Za ni sa a gan ta can baya sosai. Dakor?"

Yarinyar da ke fitowa a matsayin Hadiyya ita ce Kausar, ɗalibar Malama, wadda ta haddace littafin cikin kwana huɗu, kuma mahaifinta ya yarda ta yi fim a wannan hutun kaɗai. Aka yi ta ɗauka har ya rage fitowa ɗaya, wadda ita ce zuciyar fim ɗin: mugu zai yi shigar ɗan dako, ya ratsa kasuwar Bafarawa daga rumfar 'yan gishiri zuwa tashar babura ba wanda ya gane shi, Kausar na bin sa da farantin gyaɗa. Kasuwar sau ɗaya take ci a mako. Washegari Kausar za ta koma makarantar kwana. Shafi'u mai kyamara, wanda aka ɗauko daga Sakkwato, batir ɗaya ya rage masa, na minti goma sha biyu, domin sauran biyun sun ƙare wajen ɗaukar Darakta yana saukowa daga mota sau tara.

A bayan rumfar gishiri Darakta ya tara jama'arsa, su uku, ya yi musu jawabi.

"Yau za ku ga abin da ba a koyarwa ko a Kano. Ɓad da kama ilimi ne. In na shiga kasuwar ga, ko inuwata ba ta gane ni. Ɗauka guda za mu yi. Wanda duk ya ɓata ta, ba ni ba shi har abada."

Ya sa yagaggiyar riga da tsohuwar malfa, ya shafa toka a fuska, ya rataya gammo. Shafi'u ya haye kan wata mota mai buhunan dawa ya ɓuya. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida aka kunna kyamara.

A gaskiya aikin ya yi kyau. Rumfa ta farko ba wanda ya dube shi, zuciyarsa ta yi fari. Ta biyu ma haka, ya yi wa kansa jinjina a ɓoye. A ta biyar abin ya fara damun sa. Ga Abbas mai shayi, mutumin da ke gaishe shi sau uku kowace kasuwa, yau ya kalle shi kamar turken akuya ya ci gaba da juya kofi. Darakta ya yi tari. Abbas bai ɗago ba. Ya rage sauri, ya ɗan ɗaga malfa, ya yi irin tarin da aka san shi da shi. Abbas ya ce, "Malam, matsa gaba, kana tare min hanya."

Kausar kuwa tana baya tana aikinta tsaf. Ta laɓe a bayan mai tabarmi, ta sayar da gyaɗa ta gaskiya har sau biyu, idonta bai bar malfar ba.

Minti tara suka cika. Taku ashirin ya rage a kai tasha, fim ya kammala. Sai wata tsohuwa ta riƙo hannun rigarsa.

"Kai ɗan dako, taho ka ɗaukar min buhun ga."

Ya yi kamar bai ji ba, ta ƙara jan rigar.

"Da kai nike. Ko kurma ne? Ƙaton banza, ga ƙarfi ga ƙyuya."

Nan fa abin ya kai maƙura. A ƙi gaishe shi rumfa goma sha ɗaya a jere, sannan a ce masa ƙaton banza a gaban masu awo. Ya wurgar da malfa, ya goge toka da gammo, ya buɗe murya.

"Jama'a, ku dube ni da kyau. Ni ne Darakta Sodangi na Ƙasa da Ƙasa. Fim nike yi. Ga kyamarata can bisa mota, ga 'yar leƙen asirina nan da faranti."

Kasuwa ta juya gaba ɗaya. Mahauta suka ɗaga wuƙaƙe suna gaida kyamara, 'yan babur suka yi ta danna ham, wani mai raguna ya ɗaga rago sama don a ɗauke su tare. Shafi'u ya miƙe a kan buhuna ya nuna cewa batir ya mutu. Kausar ta ajiye faranti ta zauna a ƙasa, Malama Saudatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Darakta bai lura ba. Yana tsaye hannu a ɗage, yana jiran gaisuwar da ta makara. Tsohuwar ta matso ta leƙa fuskarsa sosai.

"Sodangi? Ba kai ne ɗan Uwa mai ƙosai ba? Ni na yi ma uwarka wankan jegonka." Ta tura buhun gabansa da ƙafa. "To madalla, ka ma san gidan. Ɗauki mu tafi."

Dawa ce, tiya ashirin. Ya ɗauka.