Jatau da Salansar Alhaji Buba

A Tungar Kanya akwai wani ɗan acaɓa, Nomau, mai mata da 'ya'ya huɗu da ƙane guda, Jatau. Jatau ya yi gemu, amma hankali bai biyo gemun ba. Ba ya musu, ba ya ƙin aike. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, kuma nan masifar take. Babur ɗin da gidan ke ci da shi na Alhaji Buba ne, mutumin da ke duba fuskarsa a jikin salansa, wato bututun hayaƙin babur ɗin. Ranar da ya miƙa wa Nomau makulli ya ce, "Duk ran da na ga tabo a nan, na karɓe abina."

Wata rana Nomau ya goya Jatau zuwa kasuwa. Ya ce, "Ɗora ƙafarka a kan ƙarfe, kada ka ɗaga sai mun isa." Jatau ya ɗora a kan salansa. Ƙauri ya tashi, Nomau yana ta tsine wa masu ƙona shara. Da suka isa, rabin silifas ɗin Jatau ya narke ya manne, baƙi ƙirin.

"Ba ka ji zafi ba?"

"Na ji, Yaya. Ai ba mu iso ba."

Nomau ya dafe kai, don saura kwana uku Alhaji ya zo duba babur.

Wata rana, wato washegari, bakanike ya ce a bar injin ya yi zafi, a goge da abu mai laushi. Nomau ya bar wa Jatau aikin ya tafi ta'aziyya. Jatau ya zagaye gidan yana taɓa kaya, bai sami abin da ya kai ledar burodi laushi ba. Ya goga, ta narke. Ya ƙaro wata. Kafin Nomau ya dawo leda tara sun bi silifas, har da rubutun gidan burodin a jiki. Nomau ya zauna a ƙasa.

Wata rana kuma, ana gobe Alhaji zai zo, aka ce a kankare da katako. Nomau ya ja kunnensa: "Kada ƙarfe ya taɓa ta. Ka ji? Ko wane iri." Yana fitowa daga wanka ya tarar da salansa kwance a tabarma, Jatau riƙe da sifana naɗe da tsumma.

"Me ka yi?"

"Babur ɗin ma ƙarfe ne, Yaya. Na raba su."

Ranar zuwan Alhaji, Nomau ya tashi ya dubi 'ya'yansa suna shan koko, ya dubi babur, ya san abincinsu ya ƙare. Baƙin ciki ya rufe masa ido. Ya nuna wa Jatau salansa ya ce, "Ɗauke ta, kai ta inda ba mai ganinta. Kai ma kada in ƙara ganinka!" Jatau ya rungumi salansa ya fita. Duk inda ya ajiye ta ana gani, sai a bayan gidan Ladidi mai sabulu ya sami duro cike da ruwan soda, wanda ba a hango gindinsa. Ya tsunduma ta ciki.

Da la'asar Alhaji ya iso. Ya ga babur ba salansa, ya miƙo hannu a ba shi makulli. Nomau na lalube a aljihu sai ga Ladidi tana zabga masifa, tana jan salansar da ta tsamo daga duronta ta ɗauraye a rijiya. Soda ta cinye roba tas, ƙarfe sai walƙiya yake. Alhaji ya karɓa, ya juya ta, ya gyara hularsa a ciki.

"Har kwance ta kake yi ka wanke? Riƙe makullinka, Nomau."

Da kowa ya watse, Nomau ya nemi ƙanensa. Ya ji motsi a bayan rumbu.

"Jatau, fito in gan ka."

Can murya ta fito daga bayan rumbun.

"Yaya, wace magana zan bi? Ta safe ko ta yanzu?"