Cinikin Ƙwallon Aduwa da Baƙon Japan

Wani ne can wajen Tarka, ya ji labari a kasuwar Belbeji wai mutanen Japan na sayen ƙwallon aduwa, suna matse man ciki, matansu na shafawa a fuska. Ya ce, "Aduwa? Wannan da awaki ke ci su tofar?" Aka ce ita fa, amma ƙwallon suke so, tas da shi, ba ɓawo ba nama.

Bai tsaya jin sauran bayani ba. Ya koma gida, ya zube wa iyalinsa buhunan aduwa a tsakar gida, ya ce kowa ya tsotsa. Tun bayan girbi ake tsotsa har zafi ya shigo. Wanda ya san aduwa kuwa ya san abin da take yi wa ciki. Buta ba ta huta ba a gidan nan. Matarsa Kaltuma ta rame har zanenta na zagaye ta sau uku. Ta ce, "Malam, wallahi in mutanen nan ba su saya ba, gidanmu za ni."

Ya ce, "Ke dai tsotsa. Japan na jira."

Ran nan da hantsi sai ga mota a ƙofar gida. Wani baƙo ɗan Japan mai neman ƙwallon aduwa ya fito cikin kwat da tabarau, tare da tafintansa, wani Badamagare mai suna Tanko, su biyun da Faransanci suke fahimtar juna.

Gogan naka mai aduwa ya miƙa hannu. Baƙo bai karɓa ba, sai ya sunkuyar da kai, don kuwa haka suke gaisuwa a ƙasarsu. Gogan ya ce a ransa, babban mutum ya taso daga bangon duniya ya sunkuya mini, ni ina tsaye ƙiƙam? Sai ya rusuna. Baƙo ya ga an fi shi ladabi, ya ƙara lanƙwasawa. Gogan ya durƙusa. Baƙo ya naɗe har tabaransa ya faɗi. Gogan ya kwanta rub da ciki. Baƙo ya dubi Tanko, ya dubi kwat ɗinsa, ya yi ta maza shi ma ya kwanta.

Gogan ya ga sun yi daidai, ya ɗaga murya, "Kaltuma! Miƙo hauya in tona rami!"

Da ƙyar Tanko ya tashe su, yana kakkaɓe wa baƙo rairayi.

Aka shiga rumfa. Baƙo ya ciro ɗan kati mai sunansa, ya miƙa da hannu biyu. Tanko ya raɗa wa gogan, "Karɓa da hannu biyu, kar ka cusa aljihu. A wajensu katin nan kamar mutumin ne da kansa."

"Shi da kansa?"

"Shi da kansa."

Gogan ya shimfiɗa wa katin buzu, ya ajiye shi a tsakiya, ya tura masa ƙwaryar fura. Ya ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya aka baro mutan gida?" Baƙo na gefe ba wanda ya ba shi ko ruwa. Ana cikin haka wata akuya ta leƙo, ta lashe katin, ta haɗiye.

Gogan ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Ta cinye baƙo!"

Ya bi akuya da gudu, ya kamo ta, ya kawo gaban baƙon. Ya ce, "Tanko, gaya masa tunda yana ciki, ya tafi da ita."

Baƙo ya yi ta kaɗa hannu yana murmushi. Gogan ya ce ai kunya ce, ya ɗaure akuya a kujerar gaban mota.

Sai aka zo kan kaya. Gogan ya kwance buhu, ƙwallaye na ta sheƙi. Baƙo ya ɗebo, ya jujjuya, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Tanko ya ce, "Ya yaba. Yana tambaya da wane inji aka wanke su haka."

Gogan ya wangale baki ya nuna. "Ga injin. Da ni, da Kaltuma, da yara, har da surukata mai haƙori ɗaya. Kowane ƙwallo sai da ya kwana a bakin mutum."

Tanko ya fassara a hankali. Baƙo ya mayar da ƙwallayen cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, ya ciro hankici ya goge yatsunsa. Sannan ya yi murmushi ya faɗi wata magana.

Tanko ya ce, "Wai zai yi tunani."

"Madalla! Ya yi."

"A'a, ba ka gane ba. Su ba sa ce wa mutum a'a a gaban idonsa. In sun ce za su yi tunani, to an gama, ba ya so."

"Ka ji ya ce a'a da bakinsa?"

"Bai ce ba."

"To kai ne za ka ce masa? Mutum ya ce zai yi tunani, a bar shi ya yi tunaninsa."

Baƙo ya miƙe zai nufi mota, gogan ya maido shi kan tabarma. Ya ce ai ba a tunani a hanyar Tanut, ramuka za su zubar da shi. Ya je ya zauna a gaban tayar mota don kar a samu kuskure. Can ya ga hayaniya ta yi yawa. Ya kife zakara da kwando. Ya cire rawaninsa ya ɗaure bakin jaki. Ya bi gida-gida ya hana mata daka. Wani Buzu ya zo wucewa da raƙuma, gogan ya tare shi ya ce ya zagaya ta bayan gari, ana tunani.

Gari ya yi tsit. Baƙo na zaune, gumi na bin wuyan rigarsa, ladabi ya hana shi tashi.

Bayan azahar gogan ya matso da sanɗa. "Tanko, tambaye shi ko ya kai rabi."

Tanko ya tambaya. Baƙo ya ja iska ta haƙora ya amsa. Tanko ya ce, "Wai akwai wuya."

"Wuya? Wayyo, sunkuyon nan ne ya taɓa shi! Kaltuma, kawo man shanu!"

Kafin Tanko ya buɗe baki, gogan ya zagaya baya ya kama wuyan baƙo yana murza. Daga mota kuma aka ji ƙara, akuya ta gama da kujera ta koma kan sitiyari. Kaltuma ta leƙo da ƙwarya cike da aduwa, ta ce ko baƙo zai ɗan tsotsa, wai aduwa na buɗe ƙwaƙwalwa.

Nan fa haƙurin baƙo ya ƙare. Ya zabura tsaye, man shanu na ɗiga a kwat, ya kurma ihu da Faransanci har jaki ya tsinke rawani.

Tanko ya rufe fuska. Ya ce, "To ka ji. Ya ce a'a. A'a, a'a, a'a! Ba zai saya ba ko kyauta ne. Wai tunda aka haife shi bai taɓa faɗa wa mutum haka ba, yau ka sa shi."

Gogan ya goge hannu a riga, ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi, sai yanzu aka fara ciniki! Kaltuma, ɗora tuwo, baƙo kwana zai yi."